Haggai Mai Walda da Guntayen Ƙarfensa

Ranar da Haggai mai walda ya tsaya a ƙofar gidan Kaka Magda a unguwar Rikoto ta garin Zuru ya ce bakinta ne ya kashe masa kasuwa, ƙuli-ƙuli na cikin mai a kan wuta. Zagin ta daɗe da yafewa. Kaskon ƙulin da ya ƙone tana tsaye tana ba shi amsa, shi ne har yau ba ta yafe ba.

Abin da ya kawo shi wata ganga ce ta suyar gyaɗa da ya ƙera, wadda ake juyawa da hannu, gyaɗa ta soyu bai ɗaya ba tare da ta ƙone ba. Wata biyar ya yi yana aikinta a ɗakin ƙurya na shagonsa, ƙofa a kulle. Saura mako biyu ya fito da ita, sai ga irinta sak a gaban shagon Ebenezer, wani mai walda na bakin tasha, an shafe ta da koren fenti, mata sun kewaye ta suna taɓawa.

"Mama, ke kaɗai na bari kika shiga ɗakin nan," in ji Haggai, hula a hannu. "Ke kika gwada ta. Margaret ma ba ta gan ta ba, ita da nake aure."

Kaka Magda ta aje matsami. "To, sai me?"

"Kowa ya san bakinki, Mama. Daga nan har Wasagu."

"Au, haka ne? Matso kusa, kunnena ya tsufa. Ranar da aka haife ka a ƙauyen Manga, wa ya yi maka wankan fari? Ni ce. Abin da matarka ba ta gani ba sai da ka yi wa ubanta noman shekara bakwai, ni tun ranar na gan shi. Ka taɓa jin na kai labarinsa kasuwa? Bakina randa ne, ɗan nan, ba kwando ba. Ina ɗiba in ba wanda na ga dama, sauran ya zauna a ciki."

Matan da suka zo awon man gyaɗa suka fashe da dariya, dariyar ce kuma ta ƙara tunzura shi. Ya ce daga yau kada ta sake taka ƙofar shagonsa. Ta ce ko wuta ta kama duk Rikoto, shagonsa kaɗai ya rage, gara ta tsaya a titi. Ya juya zai tafi, ya sake juyowa, ya faɗi maganar da ta fi komai zama a ran tsohuwar.

"Sau biyu ke nan. Akwai na uku a kaina. In shi ma ya riga ni fita, na sayar da injin walda na koma Manga na riƙe fartanya. Allah ne shaida."

Sai a lokacin ta ji ƙauri.

Wanda bai san Haggai ba zai ce fushi ne kawai. Kaka Magda ta san shi, ta san kuma ba ya rantsuwa sau biyu. Ubansa soja ne, ya dawo gida da akwatin ƙarfe da ƙafa ɗaya mai ɗingishi. Haggai na ɗan shekara takwas ya samu ƙusa da dutse ya farke kwaɗon akwatin nan, ba don ya ɗauki komai ba, don kawai ya ga yadda makulli ke yin magana da abin da ke ciki har ya yarda ya buɗe. Ya sha duka, ya share hawaye, ya tambayi ubansa ko akwai wani kwaɗon. Uwarsa ƙawar Magda ce, tare suke matsar man gyaɗa tun suna amare, kuma yayin da sauran 'ya'yan unguwa ke bin ƙadangaru, shi yana tsugune a gefen turmi yana kallon hannuwansu. Ba ya magana. Kallo kawai, irin kallon da ke sa mutum ya duba ko zaninsa ya kwance.

Da ya isa neman aure ya shiga golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita. A shekara ta biyu ya kai fartanyarsa wurin maƙeri ya sa aka ɗan karkata mata baki, don ƙasa ta riƙa kifewa da kanta. Abokan nomansa suka yi ta yi masa dariya, suna cewa fartanyar ta yi shanyewar ɓarin jiki. Da suka ga yana kai ƙarshen kunya su suna tsakiya, kafin damina ta fita kowa ya karkata tasa. A lokacin daɗi ya ji. Bai san wata rana abin da zai hana shi barci ke nan ba.

Da rani yakan tafi Kontagora koyon walda, da damina ya dawo gonar surukai. Ya auri Margaret, ya buɗe shago a Rikoto. Ƙofofi da tagogi da gadaje su ne tuwon gidansa. Amma ransa na ɗakin ƙurya, inda yake ƙera abubuwan da ba wanda ya sa shi.

Na farko injin ɓarar gyaɗa ne, wanda ba ya fasa ƙwaya. Shi ma Ebenezer ya riga shi fitarwa. A wancan karon Margaret ce ta sha laifi, domin ta taɓa tashi a taron zumuntar mata ta ba da shaida cewa Ubangiji ya ba mijinta basira, yana ƙera abin da zai hutar da yatsun mata. Iyakar abin da ta ce ke nan, amma Haggai ya hana ta ba da shaida har sai abin da hali ya yi. Daga nan ya shiga tsaro. Kwaɗo biyu a ƙofar ɗakin ƙurya. Tamfol a taga. Duk wanda zai wuce tsakiyar shago sai ya aje wayarsa a wani kwanon sha da ke bakin ƙofa, don kada a ɗauki hoto. Ranar da fasto ya zo sa wa aikin albarka, daga waje ya tsaya, ya ɗora hannu a kan ƙyaure ya yi addu'a, yana roƙon Allah ya albarkaci abin da ke ciki, ko mene ne.

Babbar dabararsa kuwa, wadda yake alfahari da ita, ita ce ya daina zane a takarda. Takarda, in ji shi, tana shiga aljihu, tana bin iska, tana naɗe ƙosai. Sai ya koma zana komai da alli a jikin fallen ƙarfen da zai yanka, har da awo da lissafi. Wa zai sa fallen ƙarfe a aljihu?

Da duk wannan ganga ta fita. Shi ya sa ya zo ƙofar Kaka Magda.

Wata bakwai suka yi ba sa magana. A coci in ya gaishe ta, da hanci take amsawa. Amma kada a ɗauka fushi ne ya cika mata ciki. Fushin ya huce tun a mako na biyu, abin da ya rage shi ne tambaya, kuma tambaya ta fi fushi hana tsohuwa sakat. Ita ta san ba ta faɗa ba. Margaret ba ta gani ba, balle ta faɗa. Fasto ƙyaure ya gani. Ebenezer kuwa ta san shi tun yana yawo ba wando, hannunsa na da kyau amma kansa bai taɓa haifar ko cokali ba. To ta ina? Tana murza tunkuza, wato markaɗen gyaɗar da ake matse mai daga ciki, tana juya maganar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina tsagar? In ta wuce ta bayan shagon za ta kasuwa sai ta rage tafiya, ta kasa kunne. Tana jin guduma, tana jin yankan ƙarfe. Unguwa duka ta san Haggai na shirin fito da abu na uku a bikin Uhola, bayan kaka, lokacin da ake baje amfanin gona da aikin hannu a fili, mutanen ƙauyuka duk sun shigo Zuru. Ba wanda ya san ko mene ne.

Saura mako uku bikin, ranar wata Asabar da hantsi, ƙarfen da take kāre murhunta da shi daga iska ya gama cinyewa ya ɓurme. Ta ɗauki sanda ta nufi bayan kasuwa, wurin Lawwali ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa a kan sikeli. Mutumin wajen Jega ne, ya shekara goma a Zuru, harshensa bai sauya ba.

"Inna, sannu da zuwa. Mi kika nema?"

"Ƙarfe mai faɗi, wanda zai tare iska. Kada ka ba ni ruɓaɓɓe irin haƙoranka."

"Haƙorana goro ya ci su, Inna, ba tsatsa ba. Duba can."

Ta bi tsibin tana tona da sanda. Tsofaffin tukwane, ƙafar keke, murfin janareta. Can gefe, ƙarƙashin wani kwano, ta hango wasu guntaye an jera su daban, a tsabtace, masu kauri, ba tsatsa ko ɗigo. Ta jawo na sama.

"A'a, Inna, waɗanga ba na saidawa ba na. Da mai su."

Ba ta ko dube shi ba. Fallen ƙarfe ne mai faɗin faifai biyu, an yanke abubuwa uku daga cikinsa an bar ramukansu. Gefen kowane rami cike yake da rubutun alli, lambobi da layuka da kibiyoyi. Kaka Magda ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba, ba ta taɓa zama a aji ba. Amma a kusurwar fallen akwai wata 'yar gicciye da aka zana, ƙafarta ta karkace hagu. Wannan ta san ta. Uwar Haggai ba ta fara murza tunkuza sai ta zana irinta da yatsa a kai, shi ma ya ɗauka, ba ya fara yanka ƙarfe sai ya yi ta.

"Lawwali, daga ina?"

"Shagon Haggai. Duk Asabar da safe nika zuwa in kwashe. Matatai ba ta son Lahadi ta iske gidan da tarkace."

"Wa ke saye?"

"Ebenezer na tasha. Duk Litinin. Yac ce in riƙa ware mai na Haggai daban, wai ƙarfen ya fi kauri."

"Tun yaushe?"

Lawwali ya ɗaga kai yana tunani. "An yi shekara huɗu."

Tsohuwar ta nemi wata tsohuwar taya ta zauna, fallen a cinyarta. Ashe haka ne! Mutum ya sa kwaɗo biyu, ya rufe taga, ya hana matarsa shaida, ya bar fasto a waje, ya kori tsohuwar da ta yi masa wankan fari, sa'an nan duk Asabar ya ɗauki asirinsa da hannunsa ya ɗora a sikeli a auna masa da kilo. Duk macen da ta taɓa kai yadi wurin tela ta san wannan: in ka ga ƙyallen da ya rage, ka san wuyan rigar da aka yanka. Abin da aka cire yana barin bakinsa a jikin abin da aka bari. Shi kuwa Haggai har da awon ya rubuta a gefe, don kada ɓarawo ya wahala.

Dariya ta zo mata, ta danne. Domin ramukan nan uku sun fara kama mata ido. Kowanne kamar harshe ne mai faɗi, amma gefe ɗaya ya lanƙwashe ciki, da wani ɗan ƙusumbi kusa da sama. Ta juya fallen. Ta karkata kai. Ta taɓa ganin wannan siffa, kuma ba sau ɗaya ba. A ina? Ba ganye ba ne, ba kifi ba. Ta ɗaga hannun dama za ta share allin da ya shafar mata zani, sai ta tsaya. Ta haɗe yatsunta huɗu, ta kwantar da tafin a cikin ramin.

Ya shiga kamar an auna. Har ɗan yatsanta na ƙarshe, wanda murzar tunkuza ta shekara hamsin ta karkatar, ya zauna daidai cikin ƙusumbin.

"Inna, lafiya?"

"Lawwali, kana da mata?"

"Da akwai."

"In wani ya ce ka riƙa tara masa sharar ɗakinta duk mako, ka ware masa daban, za ka ce tsintsiya yake so?"

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta nuna masa ramin, ta nuna masa lambobin, ta tuna masa injin ɓara da ganga mai koren fenti. Tana magana fuskarsa na sauyawa. Da ta gama ya cire hula ya share goshi.

"Wallahi, Inna, ban sani ba. Ni ƙarfe nika gani, nauyi nika aunawa. Shekara huɗu ina ɗaukar cutar mutum a baro ina kai wa wani!"

"To ɗauko baron. Yau juyawa zai yi."

Haka suka ratsa Rikoto, Lawwali na tura baro, ita tana gaba da sanda, fallen nan a hammatarta ba ta yarda ta aje ba. A ƙofar shagon ta tsaya, ƙafarta ba ta haura dokin ƙofa ba.

"Haggai! Fito, ga bakina na kawo maka a baro."

Ya fito da tabaran walda a goshi. Ya dubi tsohuwar, ya dubi Lawwali, ya dubi guntayen da ya sayar da safiyar nan. Ta ɗaga fallen sama yadda rana za ta ratso ta ramukan, siffofin uku suka faɗo a ƙasa gabansa, fes. Wannan ne karo na farko da aka ga Kaka Magda ta samu wurin magana ta yi shiru.

Haggai ya dubi siffofin da ke ƙasa. Sannan ya tambayi Lawwali, a hankali, wa yake kai wa. Da ya ji, sai ya zauna a kan wata ƙofar da bai gama haɗawa ba, ya riƙe kai.

"Na makon jiya fa? Da na wancan makon?"

"Sun tafi," in ji Lawwali. "Ka yi haƙuri, maigida."

"To jikin injin duka na hannunsa. Tukunyar, da ƙafafun, da abin juyawa." Ya miƙa hannu ya taɓa fallen. "Waɗannan ukun ne zuciyar. Su na bari ƙarshe. Jiya na yanke su."

"Zuciyar mene ne?" in ji Kaka Magda. "Ko da yake bari in gaya maka, tunda kai ba ka iya faɗa ba. Injin matsar man gyaɗa ne."

Ya ɗago a firgice. "Wa ya gaya miki?"

Ta sa hannunta cikin ramin ta miƙa masa har kusa da hanci. "Wannan ya gaya min. Hannun wa ka yanka, ɗan nan?"

Margaret ta leƙo daga cikin gida, ta tsaya. Haggai, mutum mai furfura, dattijon coci, ya koma kamar ranar da aka kama shi da kwaɗon ubansa.

"Mama, na gwada madaidaita, na gwada masu faɗi. Tunkuza sai ta yi ta zagaye, mai ba ya fita. Na tuna ke ba tura ta kike yi ba, naɗe ta kike yi a ƙarƙashin kanta. Na rasa yadda zan zana." Ya dubi fallen. "Ranar da kika gwada ganga, da za ki tashi kin dafa wani falle. Hannunki da mai. Sawun ya zauna. Sai na bi shi da alli."

"Wato kai ma bola kake tonawa."

"Mama..."

"A'a, bari in gane, ni ban yi makaranta ba. Ebenezer ya tsinci abin da ka zubar, ya zama ɓarawo. Kai ka tsinci abin da na bari, ka zama mai basira. Margaret, ke da kika yi aji shida, haka lissafin yake?"

Margaret ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. "Ni an hana ni shaida, Kaka."

Haggai ya sauka daga kan ƙofar ya durƙusa a ƙasa, a gaban Lawwali da matarsa da masu wucewa, ya ce ta yafe masa. Ta bar shi a durƙushe daidai lokacin da kaskon ƙuli ke ɗauka ya ƙone. Sannan ta ce ya tashi, ya buɗe kwaɗunan nan nasa, domin in ta mutu ba ta ga yadda hannunta ke aiki ba ita ba, ba za ta kwanta daidai ba.

Gara da ta shiga. Injin na juyawa, hannayen ƙarfen uku na naɗe tunkuza kamar yadda ya so, amma mai ɗan tsiyaye kawai yake yi. Wata bakwai yana fama shi kaɗai, bai san cewa ba a zuba wa tunkuza ruwan zafi gaba ɗaya ba. Ta sa Margaret ta tafasa ruwa, ta riƙa yayyafawa da ludayi, kaɗan, a jira, kaɗan, a jira, har tunkuzar ta yi duhu ta fara ƙyalli. Ya tambaye ta ludayi nawa. Ta ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ya ce ba zai iya sayar da idonta ba. Suka yi kwana shida suna gardama kafin ya haɗa wani ɗan gwangwani a saman injin, mai huda ƙanƙanuwa, da ke ɗiga ruwan da kansa.

Tun daga ranar kuma babu falle da ya sake barin shagon da bakinsa. Yana gama yanka sai ya goge allin da jiƙaƙƙen tsumma, ya daddatsa ragowar, manyan ya ƙera murhun gawayi da su. Lawwali ya ce yanzu garin ƙarfe kawai ake ba shi, ko kaza ba za ta ƙoshi ba. Da Litinin ta zo Ebenezer ya je bayan kasuwa, Lawwali ya ce masa kayan sun koma gidansu.

Saura kwana huɗu Uhola, sai ga inji a gaban shagon Ebenezer. Koren fenti, tukunya da ƙafafu da abin juyawa, sak na Haggai. Labari ya iso Rikoto kafin azahar. Haggai ya aje guduma, ya zauna, ya ce wa Margaret ta fara tunanin abin da za su ɗauka zuwa Manga. Kaka Magda ta ce ba a kuka kafin a ga gawa, ta ɗauki sanda ta tafi tasha.

Ta tarar da mata uku sun kawo markaɗe ana gwadawa. Ta leƙa cikin tukunyar. Wasu miƙaƙƙun ƙarafa ne a ciki kamar muciya, tunkuza na bin su tana zagaye, ta yi ruwa-ruwa kamar kunun da ya sha iska.

"Ebenezer, kunun gyaɗa kake sayarwa yanzu? A kawo tsamiya?"

"Kaka, ni ban shiga gidan kowa ba," in ji shi, yana juyawa yana gumi. "Abin da aka zubar na saya."

"Gaskiyarka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma na gaya wa daddawar. Amma kai dai ɓeran ne. Juya da kyau, wataƙila mai ya fito kafin Kirsimeti."

Ranar Uhola, da rana tsaka, a filin baje kaya, tsakanin masu dammunan dawa da masu manyan doya, Haggai ya yaye tamfol. Bai iya jawabi ba, bai kuma yi ba. Kaka Magda ce ta ɗaura ɗamara ta zuba markaɗe, ta cika ɗan gwangwanin da ruwan zafi, ta kira wata mata daga cikin taron, mai goyo, ta ce ta juya da hannu ɗaya. Matar ta juya. Mutane suka matso. Aka ɗan jima ba komai, har wani ya fara tsaki. Sai tunkuzar ta yi duhu, ta yi ƙyalli, mai ya taso ya biyo ta bututu ya zubo cikin kwano, ja, mai ƙamshi, ba ya yankewa. Wata tsohuwa daga Manga ta dangwala ta lasa, ta leƙa cikin tukunyar ta daɗe, ta ce, "Wannan ai hannun mutum ne a ciki!"

"Nawa ne," in ji Kaka Magda. "Ga ɗan'uwansa." Ta ɗaga hannunta.

Daga nan sunan ya bi shi. Haggai ya so ya sa masa wani suna mai lamba, mata suka ƙi, Hannun Kaka suke cewa. Kafin a tashi daga filin, waɗanda suka ce a ƙera musu sun fi ƙarfin aikinsa na rani guda. Bai sayar da injin walda ba. Fartanyarsa mai karkataccen baki na nan rataye a bangon shago, ba ta ga Manga ba.

Ba a ce Ebenezer ya haƙura ba. Ya aika aka sayo masa ɗaya, ya kwance shi, bayan wata uku ya fito da nasa. Haggai bai ko je ya gani ba. Ya ce abin da ya riga ya shiga kasuwa ya zama ɗan kowa, shi dai abin da ya roƙa a bar shi ya haifi abinsa da kansa. Kuma zuwa lokacin mata daga nan har Wasagu sun koyi juya injin su duba gindinsa, su nemi 'yar gicciye mai karkatacciyar ƙafa da yake bugawa a jikin kowanne. Na farkon da ya ƙera yana tsakar gidan Kaka Magda. Ta ce ba kyauta ba ce, hannunta ne aka maido mata.

Bana ya sake kulle ɗakin ƙurya. Kwaɗo biyu, tamfol, kwanon waya, tsumman goge alli. Ya ce mata sai ya kusa gamawa zai kira ta, kada ta ji haushi. Ta ce ita da haushi, Allah ya kiyaye. Makon jiya tana wucewa ta ƙofar shagon za ta kasuwa sai ta ga kajin Margaret sun taru a bakin kwata suna tona wani abu baƙi-baƙi. Ta sa sanda ta tona ita ma. Ɓawon kalwa ne, 'ya'yan ɗorawa da ake daddawa da su, an ɓare shi tas, ba alamar turmi a jikinsa. Margaret kuwa tunda aka kawo ta Rikoto ba ta taɓa yin daddawa ba, warinta ma ba ta so.

Ta ƙwanƙwasa ƙyauren da sanda. Haggai ya leƙo, tabarau a goshi. Ta duba hagu, ta duba dama, ta sa ya sunkuyo, ta rage murya yadda ko kajin ba za su ji ba.

"Ɗan nan, injin ɓarar kalwar nan naka yana aiki da kyau, na gani. Ɗauko tsintsiya ka share ƙofarka kafin Ebenezer ya sayi kaza."